Tangaɗin Yaya Man-sik

Shekarar da kanya ta yi 'ya'ya har rassa suna karyewa, a shekarar ce yayana Man-sik ya fara tafiya kamar wanda ya sha ya bugu.

Ƙauyenmu yana bayan garin Sangju, kuma busar da kanya, irin tamu mai girman tumatir, ita ce sana'ar kowa. Da kaka ta shigo sai a tsinke ta tun tana da tauri, a feraye, a rataye a rumfa mai hawa biyu iska ta yi ta kaɗa ta har sanyi ya kama. Ni ce autar gidanmu, sunana Mal-sun. Tun da mijina ya rasu na dawo ƙauye na zauna a ɗan gidan da ke ƙasa da na Yaya, katanga ɗaya ce tsakaninmu, nake taya su aiki shi da matarsa Ok-bun.

Yaya ya sha giya a ƙuruciyarsa, sha na fitar hankali. Ok-bun ta ga tasku a hannunsa. Akwai lokacin da abin ya ishe ta, ta sayo wani gari wurin mai maganin kasuwa tana barbaɗa masa a miya a ɓoye, wai duk wanda ya ci ya ɗora giya a kai ba zai sake marmarinta ba. Ya yi amai har sai da aka kwantar da shi a asibiti, asiri ya tonu, ya fito ya ci gaba da shan abinsa. Abin da ya raba shi da kwalba daban ne. Wata rana ya kifar da motar noma a rami, 'yarsu Da-som tana baya, hannunta ya karye. Washegari ya hau dutse ya durƙusa gaban kabarin Baba ya rantse ba zai ƙara sha ba. Shekara goma sha wani abu ke nan, ko a biki ruwan sha'ir yake sha.

Wata safiya muna feraye kanya, injin da muke aikin da shi yana ta ƙara, Ok-bun ta matso kusa da ni ta ce, "Gwaggon Da-som, kin lura da tafiyar yayanki kwanan nan?"

Na lura, amma na ce mata ban ga komai ba. Ta ce in ɗaga ido. Yana tahowa daga gona ɗauke da kwando, ƙafafunsa a wawware kamar mai tafiya cikin kwalekwale, jikinsa yana rinjaya dama. Da ya iso bakin rumfa sai ya dafa ginshiƙi ya tsaya, ya yi kamar yana duba igiya.

Ta ce ya koma shan giya. Ta san wannan tafiyar kamar yadda ta san tafin hannunta. Na tambaye ta ko ta ji wari. Ta ce ba ta ji ba, amma mashayin da ya tsufa a harka ya san yadda zai rufe bakinsa. Ta riga ta bincika ko'ina: buhun shinkafa, cikin takalman roba, bayan tankin ruwa, ƙarƙashin kujerar mota. Ba ta sami ko murfi ba, kuma rashin samun ya fi ɗaga mata hankali, don a ganinta ya nuna wani ne yake ajiye masa. Ba ta da wanda take zargi sai Chil-bok, mai gyaran injinan noma a bakin titi, abokin shansa na da. Ta ƙara da cewa yanzu ko magana ta yi masa a mota sai ya yi banza da ita, idonsa a kan hanya, kamar da dutse take. Ta roƙe ni kada in gaya masa ta sani, so take ta kama shi da kwalbar a hannu.

Ba a yi mako ba sai ga Yaya a gidana da rana tsaka, abin da bai saba ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce ko akwai sauran shinkafa. Na zuba masa da ɗan kabeji mai yaji. Ya ci yana tauna da gefe ɗaya, yana waigen katanga.

"Auta, matar nan ta sake."

Na ce ta sake me. Ya ce garin nan. Miyarta ƙarfe-ƙarfe take yi masa a baki, kamar ya tsotsi ƙusa. Rabin harshensa ya yi nauyi, leɓensa na dama kamar ba nasa ba. In ya juya kai da sauri sai gona ta karkace, bishiyoyi su bi ta gefe. Ya ce ya gan ta da wani ƙullin takarda tana turawa aljihu da ya shigo madafa. Na ce ai maganin gwiwarta ne, tare muka karɓo. Ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce haka ta ce mini ke nan. Ya gwada zuba wa kare miyar, kare ya lashe ya kaɗa wutsiya, sai ya yanke cewa garin mutum kaɗai yake kamawa.

Na dube shi na ce, "Yaya, tsakaninka da kabarin Baba, kana sha?"

Ya ajiye sandunan cin abincin. Ya ce ashe har ni ma ina zarginsa. Ya tashi, ya dafa bango, ya ce kada in kuskura in gaya mata ya gane, yana so ya ga iya gudun ruwanta.

Haka na wayi gari riƙe da asirin mutum biyu, kowanne yana tuhumar ɗaya, kuma kowanne yana da abin da ya taɓa yi da zai sa a yarda da tuhumar. Na koma 'yar sa-ido. In Ok-bun tana girki sai in sami dalilin shiga madafa. In Yaya ya wuce ni sai in ja numfashi. Wata rana da aka zuba abincin rana na musanya kwanona da nasa ba wanda ya gani, na shanye miyar tas. Miyar waken soya ce mai daɗi kamar kullum. Duk da haka na yini ina sauraron jikina, ina ɗaga kai in ga ko rufin rumfa zai juya. Bai juya ba. Shi kuwa da ya sha tawa, ya yamutsa fuska ya ture kwanon.

Daga nan ya daina cin abincin gida gaba ɗaya. Da safe ya ce ba ya jin yunwa, da rana ya ɓace. Ok-bun ta bi sawunsa ta ga motarsa a ƙofar shagon Chil-bok, ta dawo ta ce magana ta ƙare.

Na ce bari in je da kaina. Na shiga ba sallama. Yaya yana zaune kan tsohuwar taya yana cin taliya a tukunya, Chil-bok yana gefe hannu duk baƙin mai, kuma ga koriyar kwalba a kan teburi, an sha rabi. Kofi ɗaya ne a wurin. Na tsaya ina kallon kofin, ina lissafin ko an ɓoye na biyun da aka ji takuna.

Chil-bok ya ce, "Auta, in bincike aka aiko ki, ga akwatin spana can, fara da shi. Kwalbar tawa ce, ni ban yi wa kowa rantsuwa ba. Wannan yayan naki taliya kawai yake cinye mini, yana ci yana cewa ɗanɗanon ƙusa take yi. Na ce to ya kawo kuɗin ƙusar."

Na juya wurin Yaya na ce to ga shi, ko abincin da ba ita ta dafa ba haka yake ji. Ya ce maganin ne ya riga ya zauna masa a jini. Na kuma gane daga dariyar Chil-bok cewa ya san komai, kuma abin da Chil-bok ya sani, duk mai kawo gyaran inji zai sani.

Na matsa masa ya je asibitin cikin gari. Ya je shi kaɗai. Daga baya na ji cewa jiri kawai ya faɗa wa likitan, ya haɗiye zancen harshe da leɓe don kada a tambaye shi abin da zai tona gidansa. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ce in bai ji sauƙi ba ya dawo a tura shi babban asibiti. Ya ajiye ledar a kan firij, Ok-bun ta ɗauke ta don ta goge wurin, ya gan ta a hannunta, ko ɗaya bai sha ba.

Ana cikin haka ya ɗauki kaya zuwa kasuwar gwanjo, Ok-bun tana gefensa. Motar ta riƙa cin layi tana komawa dama har 'yan sanda suka tsayar da su. Aka ba shi abin hurawa na gwajin giya. Ok-bun ta ce mini a lokacin har wani sanyi ta ji a ranta, yau dai hukuma za ta faɗi abin da ta kasa kamawa. Ya hura, babu komai. Ɗan sandan bai yarda ba, ya canza wani, ya sake hurawa, babu komai. Ya ce masa dattijo, in barci ne ka tsaya ka huta, ya sallame su.

Na ɗauka wannan zai kashe maganar. Ok-bun ta ce ɗan sandan kama yake mata da dangin matar Chil-bok. Da na ce ai matar Chil-bok ba 'yar nan ba ce, sai ta ce to akwai ƙwayoyin maye da injin ba ya ji, ta gani a talabijin. Yaya kuma ya ce mini ya ga fuskarta lokacin da aka ce babu komai, baƙin ciki ne ƙarara, wace irin mace ce take fatan a kama mijinta.

Gidan ya zama ba mai yi wa wani magana sai ta bakina. Ita tana sama tana rataye kanya tana leƙensa ta tsakanin igiyoyi, shi yana ƙasa yana satar kallon aljihunta. Ya daina hawa tsani, ya ce bayansa ne. Ya rame, wandonsa ya fara zamewa.

Ranar ziyarar kaburbura ta zo, wadda dangi suke taruwa kowace kaka. Baffanmu, ƙanin Baba, ya zo da 'ya'yansa, Da-som ma ta zo daga Daegu inda take aiki. Muka hau dutse da hantsi ɗauke da kifi da tuffa da wainar shinkafa. Yaya ya hau yana kama rassa, yana tsayawa, kowa yana gani kowa yana kawar da kai.

Shi ne babban ɗa, shi zai zuba wa Baba giyar shinkafa a gaban kabarinsa. Ya durƙusa, ɗan Baffa ya riƙe masa kofi, ya ɗaga buta. Hannunsa ya wuce kofin, giya ta zuba a ciyawa. Ya gyara, ya sake wucewa, ta jiƙa masa hannun riga. Da ƙyar aka sami rabin kofi. Ya miƙe zai yi gaisuwa, ya sunkuya, sai kawai ya tafi ta dama kamar buhun da aka jingine ba daidai ba. Ya ture faranti, tuffa suka gangara, shi ma ya bi su har sai da wata bishiya ta tare shi.

Aka ɗago shi yana warin giyar da ta zube masa. Baffa ya buga sandarsa a ƙasa ya ce a nan ka yi rantsuwa, a nan ka zo ka karya ta, gaban ubanka. Ok-bun, wadda ta yi makonni tana haɗiyewa, ta ce a tambaye shi inda yake yini, a tambayi Chil-bok. Yaya yana zaune a ƙasa, ganye a gashinsa, ya nuna ta da yatsa.

"A tambaye ta abin da take zuba mini a miya. Ta taɓa yi, duk kun sani."

Na ga lokacin da Ok-bun ta gane dalilin da ya sa ya bar cin abincinta, fuskarta ta yi fari kamar takarda. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta fara tsince tuffa.

Da-som ce ta durƙusa gefen ubanta tana kakkaɓe masa riga. Ta yi masa magana a kunnen dama, bai waiga ba. Ta sake kiransa, shiru. Ta zagayo ta hagu ta ce Baba, nan take ya juyo. Ta ba shi ruwa, ta ga yana zubowa ta gefen bakinsa bai sani ba. Ta tambaye shi tun yaushe kunnen nan ya daina ji. Ya ce kunnensa lafiya lau, ƙara ce kawai a ciki kamar kukan gyare, ta kai shekara biyu, tsufa ne. Ta miƙe ta ce gobe da safe za ta tafi da shi asibiti a Daegu, uwarta ma za ta shiga motar, wanda ya ƙi kuma kada ya sake sa ran ganinta a ƙauyen nan.

Na bi su.

Likitar jijiyoyi mace ce mai sanyin murya. Ta sa shi ya taɓa hancinsa ya taɓa yatsanta, hannun hagu ya yi daidai, na dama ya riƙa wucewa. Ta sa shi tafiya ƙafa gaban ƙafa a kan layi, bai kai ko'ina ba sai da Da-som ta tare shi. Ta sa ya bi alƙalaminta da ido, na ga ƙwayar idonsa tana fizga. Ta shafa masa auduga a kumatu biyu, ya ce na daman kamar ta kan riga ake taɓa shi. Aka gwada kunne, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.

Da sakamako ya fito ta nuna mana wani farin abu kamar ƙwan tantabara a bayan kunnen dama, can ciki. Ta ce ƙari ne, ya tsiro a kan jijiyar da take kai ji da daidaiton tsayuwa daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Ya yi shekaru yana girma a hankali. Da farko ya kashe jin kunnen, da ya ƙara girma ya danne jijiyoyin fuska da na ɗanɗano, yanzu kuma yana tura ɓangaren ƙwaƙwalwa na ƙeya, wanda yake daidaita tafiya da motsin hannu. Shi ya sa tafiyarsa ta yi kama da ta mashayi, don giya ma nan take bugawa. Ta ce irin wannan ba mai yaɗuwa ba ne, amma ya kai girman da sai an cire.

Ok-bun ta tambaya ko giyar da ya sha a da ce ta jawo. Likita ta ce a'a. Yaya ya gyara murya ya tambaya ko wani abu da mutum ya ci, kamar gari haka, zai iya haifar da shi. Ta ce a'a, ba abin da wani ya ci ko ya sha, haka kawai yake fitowa. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ba ta nemi jin dalilin tambayoyinsu ba.

A bakin ƙofa, da su Ok-bun suka yi gaba, ya riƙe mini hannu ya ce a hankali, "Auta, kin tabbata hoton kaina ne? Na ga Da-som ta shiga wurin matar kafin mu." Na ce masa sunansa yana jikin hoton, na karanta da idona. Ya ce suna ai rubuta shi ake yi. Sai da aka kai shi wurin likitan da zai yi aikin, namiji mai furfura, ya faɗi abin da ta faɗa, sannan Yaya ya sa hannu a takardar yarda.

An yi aikin kafin sabuwar shekara. An cire ƙarin, kunnen dama ya tafi ke nan har abada, gefen fuskarsa ya saki na wasu watanni, idon ba ya rufuwa sai an ɗiga masa magani. Jirin ya ƙaru da farko, ko zama ba ya iyawa sai ya yi amai, sannan ya fara ja da baya. Aka koya masa motsa kai da ido da tafiya a dogon baranda yana riƙe da ƙarfe. Ok-bun ce ta yi jinyarsa tun daga farko har aka sallame shi. Ta yi masa wanka, ta ɗiga masa magani, ta kwana a kan benci, amma maganarta da shi ba ta wuce ɗaga hannu, buɗe baki, juya. Kanyar shekarar ni da 'ya'yan Baffa muka sauke ta, rabi ta yi baƙi don ba a juya ta a kan lokaci ba.

Wata rana a asibitin muna cin abinci ni da Ok-bun, ta ce mini ba zargin da ya yi mata ne ya fi ƙona mata rai ba, tunda ta taɓa yi, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne ya kai maganar shagon Chil-bok, yanzu duk matar da ta gamu da ita a kasuwa sai ta kalli hannunta. Na ce ita ma ai ta faɗi nata gaban dangi. Ta ce ta sani, shi ya sa take jinyar.

Da dusar ƙanƙara ta narke, Yaya ya fara zagaya tsakar gida da sanda shi kaɗai, sai Ok-bun ta haɗa kayanta ta tafi Pohang wurin yayarta, ta ce hutawa za ta yi. Ba ta faɗi ranar dawowa ba. Yaya bai hana ta ba, bai kuma kira ta ba, sai dai duk motar haya da ta tsaya a bakin titi sai ya sami abin yi a ƙofar gida. Baffa ya aiko ɗansa da naman sa da gaisuwa, shi da kansa bai zo ba. Ok-bun ta kusa wata biyu sannan ta dawo, da busasshen kifi da sabon gyaran gashi, ta shiga madafa ta fara faɗan yadda na bar mata tukwane.

Gonar da ke kan gangare sun ba ɗan Baffa haya, sun riƙe ta ƙasa. Yaya ya bar tuƙi. Tafiyarsa ta gyaru sosai, sai in ya gaji ko wuri ya yi duhu yake ɗan rinjaya. Kowace safiya yana bin bakin rafi da sandarsa har gada ya dawo, kamar yadda likita ta ce. Ok-bun takan fito bayansa da ɗan kwando wai ganye za ta tsinko, ta bar tazara tsakaninsu.

Na taɓa tambayarta ko sun nemi gafarar juna. Ta ce in ji da abin da ya dame ni, sannan ta tambaya ko babbar tukunyata tana kusa, Da-som za ta zo da wani saurayi ranar Asabar.